Rishon lantarki na jika shida da gawayin shisha: abin da na gani cikin wata takwas

Fadarmu, wato majalisar hirarmu ta abokai, tana zama ne a ƙofar gidana a unguwar Bukoki ta Yamai, kuma tun ranar da aka kafa ta aikin wuta a hannuna yake. Ni ke sayen gawayi, ni ke hura murhun shayi, ni ne kuma ake harara idan garwashi ya mutu kafin a sha na uku. Da shisha ta shigo zaman sai aikin ya ƙaru, domin gawayinta ba ya jin fifita kamar yadda na shayi yake ji, masu jiransa kuma ba su da haƙurin masu jiran shayi. A watan Oktoban bara na sayi ƙaramin risho na lantarki mai kai ɗaya a kasuwar Wadata a kan jika shida, wato sefa dubu shida, ba don girki ba, don kunna wannan gawayi kaɗai. Yanzu ya yi wata takwas yana aiki kusan kowane dare, ya ga hunturu ya ga bazara, saboda haka ina ganin na isa in faɗi abin da yake iyawa da inda ya gaza.

Wanda bai san gawayin ba zai yi mamakin mutumin da ya fitar da kuɗi ya sayi risho saboda dunƙule uku. Iri biyu ake sayarwa a Yamai. Akwai mai saurin kamawa, wanda yake zagaye kamar faifai, faɗinsa milimita 33 ko 40, ana naɗe shi goma-goma cikin takarda mai ƙyalli. Shi wannan an haɗa shi da sinadarin da ke hanzarta ƙonewa, dangin wanda ake sa wa albarushi, shi ya sa da an kanga masa ashana yake tartsatsi ya zagaye kansa cikin ƙasa da minti ɗaya. Sauƙinsa ke nan, amma warin sinadarin yana bin hayaƙi, kuma ba ya daɗewa yake zama toka. Na biyun shi ne na ɓawon kwakwa, wanda akasarinsa daga Indunusiya ake kawo shi. Ana ƙona ɓawon ya zama gawayi, a niƙa shi, a kwaɓa da sitacin rogo, a matse shi da inji ya fito kamar dunƙulen magi amma ya ninka shi girma, kowane gefe milimita 25, guda 72 a kwalin kilo ɗaya. Ba shi da wari, tokarsa kaɗan ce, yana kai awa ɗaya yana ci. Matsewar da ta ba shi wannan juriya ita ce kuma ta sa ashana ba ta yi masa komai. Sai ya zauna a kan zafi mai ƙarfi, mai ɗorewa, na tsawon mintoci, tare da iska tana ratsa shi, kafin ya yarda ya kama.

A nan ne dabaru suka fara, kuma ba na jin akwai wata fada a garin nan da ba ta da nata labarin. Namu ya fara ne da tukunyar gas ta kilo 6, irin wadda ake ɗaura wa kan girki a bisanta. Harshen wutar gas yana da zafin da ya isa, kuma idan aka shimfiɗa ragar waya aka jera gawayin a kai, cikin minti goma zuwa goma sha biyu yakan kama. Na yi wata biyu ina haka a ɓoye bayan an gama girkin dare. Abin da ban lura da shi ba shi ne tokar da ke zubowa tana shiga ƙananan hudojin kan girkin, kaɗan yau kaɗan gobe, har wutar da take shuɗiya ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya. Wata safiya uwargida ta ɗauko tukunyar miya ta kife ta a gabana, ta ce, “Maigida, dubi aikin fadarku. Gas ɗin da yake kai mu sati uku yanzu bai cika biyu ba, ga shi kuma kullum sai na darje tukunya da yashi.” Ban sami abin cewa ba, domin gaskiya ta faɗa. Bayan haka akwai abin da ya fi baƙin tukunya muni, wato ɗora jan garwashi a kan abin da ke cike da gas, inda ɓarɓashi ɗaya zai iya faɗawa kan robar da ke toshe bakin tukunyar. Tun ranar ban sake ba.

Sauran dabarun ba su cancanci dogon bayani ba. Wani daga cikinmu ya kife dutsen guga na lantarki ya ɗora gawayi a gindinsa, muka zauna rabin awa muna kallo, gawayin ya yi ɗumi kawai, domin dutsen guga ba ya wuce zafin digiri 200 da ɗoriya, gawayi kuwa yana buƙatar fiye da haka nesa ba kusa ba. Wani ya gwada hitar da ake tsomawa a bokiti, wadda aka ƙera don ta yi aiki cikin ruwa, ta ƙone kafin gawayin ya san an taɓa shi. Na'urar gasa burodi tana yin ja, amma wayoyinta tsirara suke da wuta a jikinsu, toka da ɓarɓashi suna zuba a kansu. Wanda ya sa gawayi a maikurowef kuwa tartsatsi kawai zai gani, kuma ya yi sa'a idan na'urar ta sake aiki. Rishon kananzir yana kunna shi, sai dai duk daren kananzir za a sha.

Da na isa shagon kayan lantarki a Wadata na ce ina son risho, mai shagon bai ko ɗaga kai sosai ba ya ce, “Malam, na girki ko na shisha?” Na yi dariya na faɗa masa gaskiya. Sai ya ture wanda na fara nunawa, mai shafaffen faranti na baƙin ƙarfe, wanda ya fi kyan gani ya kuma fi tsada, ya jawo wani daga ƙasan kanta, mai murɗaɗɗen ƙarfe a fili kamar maganin sauro na hayaƙi. Ya ce mai farantin an yi shi ne don ya watsa zafi a gindin tukunya, ba ya yin ja, kuma iska ba ta shiga ta ƙarƙashin gawayi, saboda haka zan daɗe ina jira. Daga baya na gwada na wani maƙwabci na tarar da maganarsa haka take, minti ashirin gefe ɗaya kawai ya ɗan yi fari. Wannan shawara ita ce mafi amfanin abin da na samu a cinikin, kuma ya ba ni ita ne alhali tana rage masa riba. Ya nuna mini kuma wanda aka ƙera musamman don shisha, mai ɗan keji da marfi a bisa, ya yi mini kuɗinsa kusan ninki uku. Na leƙa cikinsa na ga murɗaɗɗen ƙarfen nan ne dai, sai na ɗauki mai araha. Ya jona shi a gabana har ya yi ja, ya ce da zarar na fita da shi babu mayarwa.

Rishon ƙirar ƙasar Sin ne, babu sunan kamfanin da mutum zai riƙe a jikinsa, sai tambarin da ke cewa wat 1000, bolt 220. Jikinsa gwangwani ne mara kauri da aka shafa wa farin fenti, ƙafafunsa huɗu na roba, yana da makunni mai lamba 1 zuwa 5 da ƴar jar fitila. Nauyinsa bai kai na kwalin gawayin ba, har iska mai ƙarfi tana iya motsa shi.

Ga yadda aikin yake idan komai ya tafi daidai. Ina murɗa makunnin zuwa 5, cikin minti ɗaya da rabi ƙarfen ya fara yin ja daga tsakiya yana bazuwa waje. Ina jera dunƙule uku a zagaye na biyu da na uku, inda jan ya fi ƙarfi, ina barin tazarar yatsa tsakaninsu. Da farko babu abin da ake gani sai ɗan ƙauri mai kama da na ƙanzon tuwo, wanda na ɗauka sitacin ne ke ƙonewa. Bayan minti uku gindin kowane dunƙule yakan yi ja, jan yana hawa ta kusurwoyi kafin ya cika tsakiya, wani lokaci har da ɗan siririn harshen wuta shuɗi yana lasar gefensa. A minti na biyar, idan jan ya kai rabi, sai in juya su da awartaki, in ba su minti uku ko huɗu. Alamar nuna ita ce farar toka ta lulluɓe dukkan fuskoki shida, kuma idan aka hura a ga ja ko'ina babu baƙin tabo. Minti tara ke nan ko goma, ba fifita, ba hayaƙi a ido, ba warin gas ko kananzir a jikin garwashin. A wannan fanni babu abin da na gwada da ya kama ƙafarsa, kuma masu gaggawar da ke cewa in sauke tun yana rabin baƙi na daina sauraronsu, domin ɗanyen garwashi ɗaci yake sa wa hayaƙi, ya kuma mutu a kan takardar alminiyam kafin a yi nisa.

Kuɗin wuta ba abin damuwa ba ne. Wat 1000 na minti goma kashi ɗaya ne cikin shida na kilowat a awa, wato sai an kunna sau shida mita take cin guda. Idan aka kwatanta da gas ɗin da muke ƙonawa a da, ba a ma haɗa su.

Sai dai araha ba ta ado, kuma aibinsa na farko ya bayyana tun a makon farko. A cikin makunnin akwai wani ɗan ƙarfe, wanda masu gyara ke kira termosta, mai lanƙwashewa idan ya ji zafi ya yanke wuta, sai ya huce ya sake jonawa. An sa shi ne da lissafin cewa akwai tukunyar ruwa ko miya a bisa tana shanye zafin. Gawayi kuwa ba ya shanye zafi, ƙara shi yake yi, saboda haka daidai lokacin da dunƙulen ya fara kamawa sai a ji ƙas, jar fitila ta mutu, ƙarfen ya dushe. A hunturu sau ɗaya yake yin haka a kowane kunnawa, ya dawo cikin minti ɗaya. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40 kuma ƙasa ba ta hucewa har tsakar dare, yakan yanke sau uku, aikin minti tara ya koma na kwata. Na kai shi kasuwar Katako wurin wani dattijo mai gyaran kayan wuta, ya buɗe gindinsa ya nuna mini ƙarfen, ya ce samari da yawa suna kawo masa irinsa su ce ya haɗe wayoyin kai tsaye don kada ya ƙara yankewa. Na ce, “Baba, kai me ka gani?” Ya miƙa hannu bayansa ya jawo wani da aka yi wa hakan, makunninsa ya narke ya zubo kamar alewa, ƙafafu biyu sun lotse, fentin ya koma baƙi. Ya ce aikin minti biyar ne idan ina so, amma ba a gidan da ke da yara ba. Na bar shi yadda yake. Abin da nake yi yanzu shi ne in ɗora shi a kan bulo biyu da rata a tsakaninsu don iska ta riƙa wucewa ta ƙasa, kuma hakan ya rage yankewar sosai.

Aibi na biyu wayarsa ce. Gajeruwa ce, ba ta kai taku biyu ba, kuma siririya. Wat 1000 a bolt 220 yana jan amfiya huɗu da rabi, wanda ba wani abu ba ne ga waya ta ƙwarai, amma tilas gajartar ta sa na jona shi a doguwar wayar da fanka da cajar wayoyin mutum biyar ke kai. Wani dare a Afrilu na ji warin roba, na taɓa kan wayar na janye hannu da sauri, ɗaya daga cikin haƙoransa biyu ya yi baƙi, robar da ke kewaye da shi ta yi laushi. Dattijon nan ya sa mini sabuwar waya mai kauri, doguwa, da kai mai kama wurin jonawa gam, a kan jika ɗaya da rabi. Duk mai niyyar saye ya lissafa wannan cikin kuɗin tun farko, ya kuma jona shi a bango shi kaɗai.

Na uku shi ne ƙarfen kansa yana cinyewa. Garwashin da ya kama ya fi ƙarfen zafi, kuma duk inda ake yawan ɗora shi ya yi fari-fari yana ɓarewa kamar bayan tsohuwar tukunya. Ina sauya wurin ɗorawa, ina saukewa da zarar ya nuna, ina kuma zazzage tokar da safe bayan na cire shi daga wuta ya huce, amma ba na sa ran zai cika shekara biyu. Rishon da aka kunna gawayi a kansa kuma ya tashi daga na girki, domin ya daina zama daidai a gindin tukunya.

Akwai wani dare a watan Janairu da ba zan tsallake ba, ko da yake ba laifin rishon ba ne, sauƙinsa ne ya ja mu. Sanyi ya matsa, ƙura ta rufe gari, muka tattara muka shige ɗakin zaure mu bakwai, muka rufe ƙofa da taga. Da murhun gawayi ne kaɗai da hayaƙi ya kore mu ko ya sa mun buɗe taga, amma risho ba ya hayaƙi, sai muka shigar da shi, muka kunna dunƙule shida don shisha biyu, ga murhun shayi a kusurwa da garwashinsa ya riga ya nuna. Bayan kamar awa ɗaya da rabi kaina ya fara sarawa, na ɗauka mura ce. Wani ya ce zuciyarsa na tashi. Ƙaramin cikinmu ya miƙe zai fita, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya zube a bakin ƙofa. Muka ja shi waje muka bankaɗe ɗakin, muka ɗauke shi a mota zuwa asibitin da ke kusa, kuma tambayar farko da ma'aikaciyar jinya ta yi mana ita ce ko akwai gawayi a ɗakin da muke. Iskar kabon monoksaid ce, wadda kowane garwashi ke fitarwa, na itace ko na kwakwa. Ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau fiye da 200, ruwan da ke cikin kwalbar shisha kuma ba ya tace ta, don haka mai zuƙa yana shan ta ta tiyo yana kuma shaƙar ta ɗakin. Yaron ya farfaɗo bayan an sa masa iskar numfashi, ya kwana biyu da ciwon kai. Tun daga ranar rishon bai sake ƙetare bakin ƙofa ba, lambar ƴan kwana-kwana, 18, kuma tana rubuce da gawayi a bangon zaure.

Ba ni da bakin yi wa kowa wa'azi a kan shisha tunda ni ke hura mata wuta, amma kada tsabtar garwashin risho ta sa wani ya ɗauka hayaƙin ya zama lafiyayye. Tun a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa zama ɗaya na shisha yana iya kai yawan hayaƙin taba sigari 100 ko fiye, dokar ƙasarmu ta yaƙi da taba ta 2006 ta hana shan taba a wuraren jama'a, maƙwabciyarmu Mali kuwa ta haramta shisha ɗungurungum a 2022. Rishon ya cire warin kananzir da na sinadari ne kawai, sauran yana nan.

Abu na ƙarshe da mai saye zai auna shi ne wutar kanta. A bazara, lokacin da kowa ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ana yawan ɗauke wuta a daidai sa'ar da fada ke cika, kuma ko tana nan wani lokaci takan yi rauni har ƙarfen ya tsaya a ja mai duhu ya kasa kunna komai. A irin wannan dare murhun wayar nan na shayi, wanda maƙeran Katako ke saƙawa, shi ne mai fitar da mu kunya. Ina barin gawayin itace ya nuna sarai har hayaƙinsa ya ƙare, in binne dunƙulen kwakwa a tsakiyarsa, in kama mafici. Yana ɗaukar kusan kwata, hannu yana gajiya, kuma dole a kaɗe tokar itacen kafin a ɗora, amma bai taɓa yankewa ba.

Wanda yake amfani da gawayin kwakwa a kai a kai, yana da tsakar gida ko ƙofar gida mai iska da wurin jona wuta na ƙwarai a kusa, wannan risho ya biya kuɗinsa, kuma zan sake sayen irinsa idan wannan ya mutu, mai murɗaɗɗen ƙarfe, ba mai faranti ba. Wanda yake zaune a ɗakin haya guda, ko yake da yara masu rarrafe, ban ba shi shawarar ya saya ba, domin ƙarfen yana daɗewa da zafi bayan jan ya ɓace, babu kuma wata alama a jikinsa da za ta nuna hakan. Nawa yana kan bulonsa biyu a ƙarƙashin rumfa, inda yayyafi ba ya kaiwa yanzu da damina ta kama, kuma da an watse nakan cire shi daga wuta in kife masa tsohon kwano.